Sifirit da maganin sulɓi wajen shanya fim: nawa za a zuba, yaushe za a bar shi

An gama wanke fim, an ɗaga shi ga haske, hotuna sun fito tsaf. Bayan awa biyu sai a dawo a tarar da fararen tabo zagaye-zagaye a bayansa, ko zane mai maiƙo tun daga sama har ƙasa, ko ƙura ta manne a fuskarsa kamar an barbaɗa gari. Duk wannan ɓarnar tsakanin ɗaurayar ƙarshe da bushewa take aukuwa. Shi ya sa masu wanke fim baƙi da fari da hannu suke yawan tambaya ko ƙara sifirit a ruwan ɗaurayar ƙarshe zai taimaka. Yana taimakawa, amma kaɗan ake so, kuma a gari irin Sakkwato ba don saurin bushewa ake zuba shi ba. Iskarmu ta riga ta ɗauke wa mutum wannan aikin.

Ruwa zalla ba ya son shimfiɗuwa a kan roba mai santsi. Dunƙulewa yake yi ɗigo-ɗigo, irin yadda raɓa take zama a kan ganye. Kowane ɗigo yana ɗauke da ma'adinan da suka narke a cikinsa, musamman alli. Ruwan ya ƙafe, allin ya zauna, shi ne farin zoben da kake gani. A fuskar fim kuwa, wato ɓangaren da ba ya sheƙi, inda jelatin, siririn shafin da aka yi wa robar fim, yake riƙe da hoton, wurin da ɗigo ya tsaya yakan bushe bayan kewayensa ya riga ya bushe, sai jelatin ya ɗan tattare a gefen ɗigon. Irin wannan tabon wani lokaci ko an sake wankewa ba ya fita.

Maganin sulɓi, irin su Photo-Flo 200 na Kodak da Ilfotol na Ilford, dangin sabulu ne marar turare da maiƙo. Aikinsa ya karya dunƙulewar ruwa, ruwan ya zama siririn mayafi guda ya sulale ƙasa. Dukansu biyu ma'aunin da masu yin su suka bayar shi ne kashi 1 cikin 200, wato mililita 5 a lita ɗaya. Sifirit ma yana sassauta dunƙulewar ruwa, kuma ya fi ruwa saurin tashi: aisofurofil yana tafasa a wajen digiri 82 na ma'aunin Salshiyas, ruwa sai ya kai 100. Bambancinsu shi ne maganin sulɓi ba ya tashi, abin da ya rage a jikin fim nan zai bushe, shi kuwa sifirit mai tsabta yana tafiya bai bar komai ba.

Wane sifirit?

Ba duk abin da ake kira sifirit a kemis ne zai taɓa fim ba. Wanda ake so shi ne wanda aka rubuta Isopropyl alcohol ko IPA a jikin kwalbarsa, mai ƙarfin kashi 99 ko 91 cikin 100. Masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje sukan ajiye shi, masu gyaran waya da kwamfuta ma suna goge kayan aiki da shi. Na kashi 70 zai yi idan ragowarsa ruwa ne kawai. Ba abin sha ba ne, guba ne ga wanda ya haɗiye shi, don haka kada a juye shi a robar lemo ko ta ruwan sha.

Sifirit ɗin goge wurin allura kowane kamfani da irin haɗinsa. Wani an sa masa launin shuɗi ko shunayya, wani turare, wani kuma akwai metanol a ciki. Launi zai rina jelatin. Metanol ya fi sauran cin robar fim, kuma shaƙarsa da taɓa shi da hannu ba alheri ba ne. Man tsabtace hannu da ya yawaita tun lokacin korona a manta da shi sam, yana da gilisarin da abin kauri, fim zai yi danƙo ya ƙi bushewa.

Gwajin ba shi da wuya. Goge madubi tas, ɗiga ɗigo uku na sifirit ɗin, bar shi ya tashi da kansa, sannan ka karkata madubin ga hasken taga. In ka ga zobe, ko maiƙo, ko dishi-dishi, abin da zai bari a fim ɗinka ke nan. A mayar da shi ga goge tebur.

Ruwan ya fi sifirit muhimmanci

A nan gizo yake saƙa. Ƙasar Sakkwato tana da dutsen alli, shi ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Wanda duk ya ga farin ɓawo a gindin butar shayi ya san abin da ruwan rijiyarsa ko burtsatsensa yake ɗauke da shi. Sifirit ba ya narkar da alli. Hasali ma in ya yi ƙarfi, korar allin yake yi daga cikin ruwa ya sauke shi a kan fim. Mai zuba sifirit a ruwan burtsatse yana zaton ya magance tabo, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Wankin da yake fitar da fiksa, wato sinadarin da yake zaunar da hoto a jikin fim, ana iya yin sa da ruwan famfo ko na burtsatse da aka tace. Ɗaurayar ƙarshe kaɗai ce take buƙatar ruwan da aka turara aka cire masa ma'adinai. Shi ake nufi da tataccen ruwa a wannan bayanin. Ana samun sa a wurin masu kayan ɗakin gwaje-gwaje da wurin masu batir. Sai dai a yi hattara, abu biyu ake kira ruwan batir: akwai tataccen ruwa na ƙari, akwai mai asid. Karanta kwalba, tambayi mai shago, kuma a gida ɗiga kaɗan a kan ɗan garin kanwa, in ya yi kumfa yana tsuwa asid ne. Shi ma a yi masa gwajin madubi, don ba kowace kwalba ce take ɗauke da abin da aka rubuta mata ba. Fiya wata tsabtatacce ne don sha, amma tsabtar sha daban, rashin ma'adinai daban, sai an gwada. Ruwan da yake ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da alli, amma yana kwaso ƙura da gansakuka daga cikin na'urar. In shi kaɗai ake da shi, a tafasa, a huce, a tace sau biyu da takardar tace kofi.

Haɗin da ya fi dacewa

Matsalar Photo-Flo ita ce awo. Tankin wanke fim na kamfanin Paterson yana cin mililita 290 a fim ɗaya na 35mm, mililita 500 a fim mai faɗi na 120. A ma'aunin 1 cikin 200, mililita ɗaya da rabi ke nan ga ƙaramin fim, kuma da tataccen ruwa rabin wannan ma ya wadatar. Wa zai auna ƙasa da mililita ɗaya na abu mai kauri da murfin kwalba? Sai a tsiyaya da ido, ya yi yawa, a samu zane mai maiƙo. Yawancin ƙorafin da ake yi kan maganin sulɓi daga yawan zubawa ne.

To a nan sifirit yake da babban amfaninsa. Nemi kwalbar gilashi mai murfi mai kamawa. Auna mililita 10 na Photo-Flo ko Ilfotol da sirinji, ƙara mililita 90 na aisofurofil mai kashi 99 ko 91, rufe, juya a hankali, rubuta suna da kwanan wata a jiki. Wannan ita ce uwar haɗi. Ta ninka tsinkewa sau goma, don haka awonta ya zama mai sauƙi, kuma ƙarfin sifirit ɗin ba zai bar gansakuka ta tsiro a ciki ba.

Ranar aiki, a lita ɗaya ta tataccen ruwa zuba mililita 25 na uwar haɗi. Ga mililita 300, bakwai da rabi. Ga mililita 500, sha biyu da rabi. Wannan ya ba ka maganin sulɓi kashi 1 cikin 400, da sifirit kashi biyu da ɗoriya cikin 100. Idan ka ɗaga fim ka ga har yanzu ruwa yana tsayawa ɗigo-ɗigo a bayansa, ƙara a hankali har zuwa mililita 50 a lita, wanda shi ne cikakken ma'aunin kamfani. Kada ka wuce nan. Wanda sifirit mai kashi 70 kaɗai ya samu, ya haɗa kai tsaye: lita ɗaya ta ruwa, mililita biyu da rabi na maganin sulɓi, mililita 35 na sifirit.

Gaskiyar magana, kashi biyu ko uku na sifirit ba zai rage lokacin bushewa yadda za ka lura ba. Abin da yake yi shi ne ya gyara awo, ya sa kumfa ta kwanta da wuri, ruwa ya sulale sumul. Wannan ɗin ma ya isa dalili.

Ruwa da sifirit in sun haɗu sukan ɗan yi ɗumi, su fitar da ƙananan kumfa. Haɗa tun kafin ka fara wanke fim ɗin, ka rufe kwanon don ƙura, kafin ka zo kansa ya lafa. Ruwan aiki na rana ɗaya ne. Sifirit ɗin da ke cikinsa bai kai ya hana shi lalacewa ba, kuma a zafinmu kwana kaɗan zai fara yauƙi. A zubar.

Daga fiksa zuwa igiya

Sifirit ba ya wanke fiksa, gishirin fiksa ba ya narkewa a cikinsa. Sai an gama wanki sosai tukuna. Hanyar Ilford tana tattalin ruwa: cika tanki, kifa shi ka mayar sau 5, zubar, sabon ruwa, sau 10, zubar, sabon ruwa, sau 20, zubar. Wannan ga fiksa marar sinadarin taurara jelatin ne, wanda shi ne aka fi amfani da shi yanzu. Ƙarin zagaye ɗaya ba ya cutarwa.

Kula da zafin ruwa. A watan Afrilu, lokacin da gari yake haura digiri 40, ruwan tankin da ke kan rufi har ƙona hannu yake yi da rana. Fim ɗin da aka wanke a digiri 20 ko 24 aka watsa masa irin wannan ruwan, jelatin zai kumbura ya yi laushi, yana iya yamutsewa kamar busasshiyar laka a bakin fadama. Bambancin zafi tsakanin dibelofa (sinadarin da yake fito da hoto), fiksa, ruwan wanki da ɗaurayar ƙarshe kada ya wuce digiri 5. Randa tana yin aikin: tsoma kwalaben ruwan a rufe cikinta tun dare, da safe a auna da ma'aunin zafi. Aikin asuba ko na bayan isha ya fi na tsakar rana sauƙi.

Kada a zuba maganin sulɓi cikin tanki alhali fim yana naɗe a kan kwarkwaronsa na roba. Yana taruwa a cikin tsagogin kwarkwaro, wata rana fim ya cije a duhu yana ƙin shiga, ragowarsa kuma ya sa dibelofa kumfa, kumfar ta bar tabo a gefen hotuna. Ware masa kwanonsa daban mai faɗi. Cire fim daga kwarkwaro, kama bakinsa biyu, lanƙwasa shi ya sauka cikin kwanon fuskarsa na sama, ka riƙa ɗaga hannu ɗaya kana sauke ɗaya har kowane sashe ya ratsa ruwan sau huɗu ko biyar. Daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Ba girgizawa, kumfar da ta bushe a jikin fim tabo ce. Fim mai hoto 36 tsawonsa ya haura mita ɗaya da rabi, in hannu bai kai ba a buɗe kwarkwaron a sauke fim ɗin a nannaɗe cikin kwanon, a motsa shi a hankali.

Rataye shi da kilif a sama, wani mai ɗan nauyi a ƙasa. Ɗebi ragowar ruwan kwanon a kofi ka kwarara daga sama sau ɗaya a kowane ɓangare. In da hali, ɗaure ƙasan a gefe na minti goma na farko, fim ya karkata, ruwa ya gangara zuwa gefen fim mai jerin ramuka maimakon ya bi ta tsakiyar kowane hoto. Share ruwan fim da roba ko da yatsu biyu, ra'ayinmu a bar su. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a roba, ta ja layi daga hoton farko zuwa na ƙarshe, kuma a garin nan yashi ba baƙo ba ne.

Ƙura

Jelatin mai laima kamar ƙaro yake, abin da ya sauka a kansa ya zauna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazon hunturu yake shiga ta kowace kafa, wurin shanya ya fi kowane haɗi muhimmanci. Banɗaki mai tayil ya fi ko'ina. Rufe taga, toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, kashe fanka, yayyafa ruwa a ƙasa da bango kamar za a yi shara, jira minti goma ƙura ta kwanta, sannan ka shigo da fim. Ka fita ka ja ƙofa, kada ka riƙa leƙowa. Wanda banɗakinsa a tsakar gida yake ba rufi, ya nemi jakar rataye kaya mai zif, doguwa, ya goge cikinta da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya sa ƙaramin kwanon ruwa a gindinta, ya rataye fim a ciki.

Laimar nan tana da amfani na biyu. Iskar hunturu tana busar da fim da gaggawa har jelatin ya tsuke ya ja robar, fim ya lanƙwashe kamar kwasfar gyaɗa, ya ƙi kwanciya a na'urar sikanin. Bushewa a hankali cikin ɗan danshi ta fi ba da fim miƙaƙƙe. A bar shi awa biyu zuwa uku da rani, fiye da haka da damina. Taɓa wutsiyar ƙasa inda babu hoto, nan ne yake bushewa a ƙarshe. In akwai sauran danƙo, bai yi ba.

Wankan sifirit mai ƙarfi

Akwai wata hanya daban da masu ɗaukar hoton jarida na da suke bi in lokacin buga jarida ya matso: a tsoma fim cikin sifirit mai ƙarfi ya zuƙe ruwan jelatin, a rataye, cikin mintuna ya bushe. Tana aiki, amma sauri kan haifi nawa. Sifirit ya yi ƙarfi da yawa, ko iska ta yi zafi da bushewa, saman jelatin sai ya bushe kafin cikinsa, fim ya yi fari-fari kamar an shafa nono. Yawancin fina-finan 35mm kuma robarsu asitet ce, sifirit mai ƙarfi yana iya tausasa ta, ta lanƙwashe ko ta yi gajimare in ta daɗe a ciki. Robar foliyesta, irin ta manyan fina-finai na falle, ta fi juriya.

A Sakkwato wata takwas ko tara na shekara babu dalilin wannan hanyar. In ta zama dole, misali a tsakiyar Agusta gari ya yi lumshi ana jiran hoto, kada ƙarfin ya wuce kashi 70. Daga mai kashi 99, auna mililita 350 ka cika da tataccen ruwa zuwa 500. Daga mai kashi 91, mililita 385. Fim ya fara shan ɗauraya da tataccen ruwa, a girgiza ruwan ya zube, sannan minti ɗaya zuwa biyu a sifirit, a rataye a iskar ɗaki. A wannan ƙarfin ba a buƙatar maganin sulɓi. Ba na'urar busar da gashi, ba rana. Kuma a fara gwadawa da wutsiyar fim ko fim ɗin da ba a damu da shi ba.

Rabin lita na sifirit a buɗaɗɗen kwano abin tsoro ne. Tururin aisofurofil zalla yana iya kama wuta tun daga wajen digiri 12, ɗakunanmu kuwa sun ninka haka. Ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa. Fitilar kananzir, kyandir in an ɗauke wuta, maganin sauro na kunnawa, kaskon turaren wuta, risho, sigari, duk a nisanta su, a kuma yi tsomawar a wurin da iska take ratsawa.

Fim mai launi bai shiga wannan bayanin ba. Mai bin tsarin C-41 ko E-6 yana da nasa ruwan ƙarshe da ya zo cikin kayan haɗinsa, da maganin sulɓi a ciki da abin da yake kare fim daga gansakuka. Hotonsa rini ne ba azurfa ba, kada a musanya masa wannan ruwan, kada a tsoma shi a sifirit. Ilford XP2 ma, ko da yake baƙi da fari yake fitowa, ɗan gidan C-41 ne.

In an riga an samu matsala

Farin zobe mai kaifin baki a ɓangaren sheƙi alli ne. A fim na 35mm, shimfiɗa shi a kan takarda mai tsabta fuskarsa na ƙasa, huci bayan da bakinka, goge a hankali da ƙyallen goge tabarau. In ya ƙi, jiƙa fim ɗin minti biyu cikin tataccen ruwa rabin lita da aka sa wa cokali biyu na farin binega, ɗauraye sau uku, sake bi ta maganin sulɓi. Fim na 120 yana da siririn jelatin a bayansa ma, don haka ba a goge shi da danshi, sake jiƙawa kawai ake yi.

Zane mai maiƙo ko danƙo yawan maganin sulɓi ne. Jiƙa minti biyar a tataccen ruwa, canja ruwan sau biyu, koma da rabin ma'aunin da ka yi amfani da shi. Fari-fari na sifirit yawanci yana tafiya in an jiƙa fim minti goma a ruwa zalla aka bar shi ya bushe a hankali. In bai tafi ba kuma gefen fim ɗin da ya kamata ya zama garau yana da dishi-dishi kamar madara, to ba sifirit ba ne, fiksa ne bai gama aikinsa ba, a mayar da fim cikin sabon fiksa a sake wanki daga farko. Launin ruwan hoda ko shunayya da ake gani a fim irin su T-Max na Kodak shi ma rini ne da ƙarin fiksa da wanki suke fitarwa.

Ƙurar da ta nutse cikin jelatin ita ce mai taurin kai. Jiƙawa na minti goma da motsa fim a hankali cikin ruwan sulɓi yana fitar da wasu, sauran sai a gyara a kwamfuta bayan sikanin. Duk lokacin da aka sake jiƙa fim, jelatin ya sake yin laushi, don haka a kama shi ta gefe kawai. Da zarar ya bushe, yanka shi hoto shida-shida, zura cikin rigarsa nan take a cikin ɗakin da ya bushe, ka danne da littafi mai nauyi ya kwana.